Neman shawara: Anemonin teku masu binne kansu, a wane rukuni zan saka su?

Ɗalibar Aji Uku: Assalamu alaikum. Ina sashen nazarin dabbobi, an ba ni gabatarwa kan anemonin teku (dabbobin ruwa masu taushin jiki da yatsu kewaye da baki) masu binne jikinsu cikin yashi da laka. Littafin da na samu a laburare ya tara su duka a rukuni ɗaya, Athenaria, amma takardun da na sauke daga intanet sun rarraba su. Ga kuma wani samfuri a kwalba a ɗakin gwajinmu, dogo siriri kamar tana, an rubuta Cerianthus. Shi ma in sa shi? Don Allah a taimaka.

Malamar Bayoloji: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara da jiki tukuna, rabon zai zo da sauƙi. Anemonin da ke manne wa dutse tana da shimfiɗaɗɗen gindi mai tsokoki. Mai binne kanta kuwa, ƙarshen jikinta kumburarre ne, ana ce masa fisa. Takan tura ruwan cikinta zuwa can, ya kumbura ya kama yashi, sai ta ja sauran jikin ƙasa, ta sake, har ta nutse, baki da yatsu kaɗai a waje. Rashin waɗancan tsokokin gindi shi ne abin da masanin dabbobi Oskar Carlgren ya dogara da shi a rabonsa na 1949, wanda littafinki yake bi.

A 2014 Estefanía Rodríguez da abokan aikinta suka auna zumuncin anemoni ta ƙwayoyin gado, sai Athenaria ya watse. Dangin Edwardsiidae ya faɗa ƙaramin rukunin Anenthemonae, Halcampidae da Haloclavidae kuma suka faɗa Enthemonae, tare da masu manne wa dutse. Wato zaman rami ne ya sa suka yi kama, ba kaka ɗaya suka gada ba. Ni a ganina nan zuciyar gabatarwarki take.

Ɗan Lab: Cerianthus kam cire shi. Ba ya cikin Actiniaria, babban rukunin anemonin teku na ainihi, sam; ɗan wani rukuni ne daban, Ceriantharia. Ki duba kwalbar da kyau: yatsunsa layi biyu ne, dogaye a gefe, gajeru kewaye da baki. Yana kuma saƙa wa kansa bututu da majina da zaren wasu ƙwayoyi na musamman, ya zauna ciki. Kina iya nuna shi a matsayin mai rikita mutane, malamai na son irin wannan.

Tsohon Ɗalibi: Duk gaskiya ne, amma ki fara tambayar malaminki wane rabo yake koyarwa. Wanda zai ba da maki ba ya cikin wannan zauren.

Malamar Bayoloji: Haka ne, sai dai ba sai ta zaɓi ɗaya ba. Ta kawo tsohon, ta faɗi hujjarsa, sannan ta nuna abin da ya rushe shi.

Ɗalibar Aji Uku: Na gode sosai, Malama. Wace dabba zan ɗauka misali? Ina son wadda zan samu hotuna masu kyau.

Malamar Bayoloji: Nematostella vectensis. T. A. Stephenson ya bayyana ta a 1935 daga tsibirin Wight na Ingila, tana kuma da yawa a fadamun ruwan gishiri na gabashin Amurka. Jikinta garau yake, ana hango manyan shamakan cikinta (bangayen nama da suka raba cikin) guda 8, adadin da aka san Edwardsiidae da shi. An fitar da taswirar ƙwayoyin gadonta a 2007, don haka hotuna da bayanai ba sa wuya. In lokaci ya rage miki, ambaci Edwardsiella andrillae, wadda aka bayyana a 2013: ita cikin ƙanƙara take binne kanta, a ƙarƙashin shimfiɗar ƙanƙarar Ross ta Antaktika, yatsunta na reto cikin ruwa.

Ɗan Lab: Ki nemi hoton yanka a kwance, ba na dabbar gaba ɗaya kawai ba. A nan ne za a iya ƙirga shamakan.