Wai waye Alexander Wilson ɗin nan da ake cewa uban ilimin tsuntsaye a Amurka?

Malamin Aji Shida, Anguwar Rogo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin firamare ne a nan Jos, satin da ya wuce muka kai yara dajin Amurum can Laminga inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wallahi yaran nan har yau ba su daina maganar ba, an nuna musu yadda ake kafa raga a kama tsuntsu a auna shi a sa masa ɗan zobe a ƙafa a sake shi. To cikin bayani sai wanda ke zagayawa da mu ya ambaci wani Bature Alexander Wilson, yace shi ma malamin makaranta ne kamar ni kuma bai je jami'a ba amma shi ake kira uban wannan ilimin a Amurka. Mota na jiranmu ban samu na ƙara tambaya ba. Ni dai Audubon mai zanen tsuntsayen Amurka kawai na taɓa ji. Dan Allah wanda ya san tarihinsa ya taimaka min, akwai wani yaro a ajina baya ja a lissafi amma duk tsuntsun da ya yi kuka ta taga sai ya faɗa maka sunansa, babansa kullum cewa yake shashanci ya sa gaba, ina so na samu labarin da zan ba su su biyun.

Ɗan Bukur:

Wa alaikumus salam Malam. Ai mutumin ma ba haifaffen Amurka bane, a garin Paisley na Sikotilan aka haife shi 1766, gari ne na masaƙa, yana shekara 13 aka kai shi koyon saƙa, daga baya ya riƙa ɗaukar kaya a baya yana talla ƙauye ƙauye kamar 'yan kolinmu, kuma yana rubuta waƙoƙi. Waƙar ce ma ta ja masa, ya yi wa wani mai masaƙa zambo kan yadda yake cutar ma'aikata, aka ɗaure shi aka kuma sa ya ƙone waƙar da hannunsa a bainar jama'a. Sai 1794 ya tsallaka Amurka ba shi da komai, ya yi ta koyarwa a ƙananan makarantu kusa da Filadelfiya.

Inda Allah Ya buɗa masa shine 1802 da ya samu koyarwa a Gray's Ferry, maƙwabcinsa wani dattijo ne masanin itatuwa da tsuntsaye William Bartram, shi ya buɗe masa ɗakin littattafansa ya kuma ƙarfafa masa gwiwa kan zane. Ka duba fa Malam, mutum ya kusa arba'in sannan ya fara koyon zanen tsuntsu, da dare bayan ya tashi yara, har ɗalibansa su ke kawo masa tsuntsaye da ƙananan dabbobi ya zana. Daga nan ya ƙudurta sai ya tattara tsuntsayen ƙasar gaba ɗaya a littafi. A 1804 ya taka da ƙafa tun daga Filadelfiya har Nayagara. Juzu'in farko na littafin, American Ornithology, ya fito 1808, kuma tunda ba mai ɗaukar nauyi shi da kansa ya rungumi littafin yana bi gari gari ƙofa ƙofa yana neman masu sa hannu za su saya, dala 120 cikakken saiti, kuɗi ne mai yawa a lokacin, wasu su kore shi wasu su yi ta kallon hotuna su mayar masa, amma shugaban ƙasa Thomas Jefferson yana cikin waɗanda suka sa hannu. A 1810 ya sayi ɗan ƙaramin kwalekwale a Pittsburgh ya bi kogin Ohayo shi kaɗai cikin sanyi har Louisville, daga baya ya hau doki ya nufi kudu har New Orleans.

Juzu'i 9 ne duka, nau'in tsuntsu 268 ya zana. Bai ga ƙarshensa ba, aiki ya cinye shi har fentin hotunan shi ya koma yi da kansa da masu yi suka watse, atini ya kama shi ya rasu a Agusta 1813 yana da shekara 47, abokinsa George Ord ne ya ƙarasa fitar da sauran zuwa 1814.

Maman Hanifa, Rikkos:

Ni fa Malam kafin ka kai wa yara labarin nan ka tace shi. Mutanen nan da bindiga suke yawo, harbe tsuntsun suke sannan su zana shi. Na taɓa karanta yadda shi Wilson ɗin ya harbi wani ƙaton maƙwaƙƙwafi mai farin baki a Karolina ta Arewa, bai mutu ba ya ɗauke shi ya kai ɗakin da ya sauka, tsuntsun nan yana kuka kamar jariri, ya fasa bangon ɗakin yana neman hanyar fita ya kuma farfasa tebur, ya ƙi cin komai kwana uku ya mutu. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Yaranmu da ma danƙo baya barin aljihunsu, kar ka je su ji cewa babban masani ma harbi yake yi.

Ɗalibar Jami'a, Farin Gada:

Gaskiyarki Anti, kuma shi kansa da ya rubuta labarin bai ɓoye cewa abin ya dame shi ba. Sai dai a zamanin ba kyamara ba madubin hangen nesa irin na yanzu, in baka riƙe tsuntsu a hannu ba ba yadda za ka ƙirga gashin fiffikensa ko ka ga kalar idonsa. Yanzu kam ba mai uzuri, abin da yaran suka gani a Amurum shine hanyar, a auna a saki.

Maganar Audubon kuma Malam, sun taɓa haɗuwa. Da Wilson ya isa Louisville a 1810 ya shiga wani kanti yana tallan littafinsa, ashe mai kantin Audubon ne, lokacin ba wanda ya san shi. A yadda Audubon ya ba da labari har ya ɗauki alƙalami zai sa hannu sai abokin kasuwancinsa yace masa da Faransanci ai naka zanen ya fi wannan, sai ya fasa. Kuma gaskiya zanen Audubon ya fi kyau, hotuna 435 ya fitar tsakanin 1827 da 1838 kowane tsuntsu da girmansa na zahiri, shi yasa sunansa ya danne. Amma wajen lura da rubuta abin da ido ya gani ba ƙari ni Wilson na fi yarda da shi, kuma shi ya riga.

Abin da ya fi taɓa ni a aikinsa shine wata tattabarar daji da ya gani a Kentaki, garke ɗaya ya yi awa huɗu yana wucewa ta samansa, ya zauna ya yi lissafi, faɗin garken mil ɗaya, gudunsu mil ɗaya a minti, kenan tsawonsa mil 240, ya sa tsuntsu uku a kowane murabba'in yadi, lissafi ya ba shi sama da biliyan 2. Ku tuna jan baki in sun sauka gonar shinkafa ko gero, to waɗannan sun fi su girma nesa ba kusa ba. Aka yi ta harbinsu ana loda wa jirgin ƙasa ana kai wa birane ana kuma sare dazukan da suke ƙwai, ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan zu na Cincinnati ranar 1 ga Satumba 1914. Shekara ɗari da 'yan kai kenan. Haka akun Amurka wanda shi Wilson ya yi tafiya da guda a ƙunshe cikin hankici, shi ma ya ƙare, na ƙarshe da aka tsare ya mutu a gidan zu ɗin nan a 1918. Ka faɗa wa yaronka ko kallon tsuntsu sai da lissafi, ƙila ta nan ka jawo shi.

Baba Alhaji, Gangare:

'Yata kin tuna min da abu. Muna yara in ka je kwata ungulu har sai ka kore su da ƙafa, kan rufin kasuwa baƙi ƙirin, ba wanda ya taɓa tunanin ƙirga su don wa zai ƙirga ungulu. Yau ku gaya min yaushe rabonku da ganin guda goma wuri ɗaya. Gauraka ma da ake cewa tsuntsun ƙasa jikokina a hoto suka san shi. Malam ka turo min yaron nan wata Asabar shi da babansa, ni na san sunaye da yawa, shamuwa da lokacin zuwanta gab da damina, zalɓe, cilakowa, carki, hazbiya, fakara, da wanda ake ci da wanda iyayenmu suka hana a taɓa, in faɗa ya rubuta, don 'ya'yana ba wanda ya tsaya ya ji.

Malamin Aji Shida, Anguwar Rogo:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Maman Hanifa na ji, zan faɗa musu har da labarin maƙwaƙƙwafin yadda yake ba zan ɓoye ba. Baba in sha Allah zan je wajen mahaifin yaron gobe bayan la'asar, na riga na saya masa littafin rubutu mai shafi 80 na ja masa layi, rana, wuri, sunan tsuntsu, guda nawa. Ɗalibar Jami'a dan Allah wannan ɗan jan tsuntsun na cikin duwatsu da aka ce mana a nan Filato aka fara gano shi a 1998, da wane lokaci aka fi ganinsa, da sassafe ne ko da yamma? Yaron tun ranar yake tambayata.