Idan Nas Za Ta Yi Magana da 'Yan Jarida Kan Shaye-shaye

Ma'aikatan jinya a Kanada sun daɗe suna tattauna yadda za su fito a rediyo da jaridu su nemi a sauya dokokin miyagun ƙwayoyi. Ga abin da na tsinta daga shawarwarinsu.

Abin da suka fi nanatawa shi ne mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani. Nas ɗin da ta tarar da saurayi a yashe, leɓɓansa sun yi shuɗi, numfashi na shirin ɗaukewa, ta fesa masa naloxone, maganin da ke karya ƙarfin ƙwayoyi irin su heroin, a hanci ya farfaɗo, tana da abin faɗa fiye da kowane ɗan siyasa. Sai dai kada ta ambaci sunansa ko unguwarsu. Amana ce, kuma a nan nake ganin aka fi yin tuntuɓe.

Sai riƙe hujja. A 2003 aka buɗe wani wuri mai suna Insite a birnin Vancouver, inda mai shaye-shaye ke yin allurarsa da sabon sirinji a gaban nas. Gwamnatin tarayya ta so rufe shi, amma a 2011 Kotun Ƙoli ta hana, ta ce wurin yana ceton rayuka. Ƙungiyoyin ma'aikatan jinya na cikin waɗanda suka tsaya masa a kotu.

Sun kuma ja kunne kan lafazi: a daina cewa “ɗan ƙwaya”, domin kunya ce ke hana mutum zuwa asibiti. Kafin hira, nas ta duba ƙa'idar wurin aikinta, ta bayyana ko da yawun kanta take magana ko na ƙungiya.