Neman kalma: me za mu kira "reloading" na masu bindiga a Amurka?

Masu fassara da 'yan jarida, a taimaka mu daidaita a kan wannan. Sau da yawa ana fassara "reloading" da "sake ɗura bindiga", alhali a bakin masu sha'awar harbi na Amurka wani aiki ne daban. Mutum ne zai tara kwanson tagulla da aka riga aka harba, ya wanke shi, ya mayar masa da ƙyastu (ɗan abin da ke kunna albarushin) da albarushi da sabon kai. Dokar tarayyarsu ta yarda da haka, muddin don kansa yake yi, ba don sayarwa ba.

Inda muke tuntuɓe shi ne kalmar harsashi. Da ita muke kiran dunƙulen gaba ɗaya, da ita kuma muke kiran abin da ke fita daga bakin bindiga. Ni dai a ganina a bar wa dunƙulen sunan harsashi, abin da ke tashi kuwa a ce masa ƙwaya.

Ƙwayar nan da yawansu da hannunsu suke yin ta. Dalma ba ta da wuyar narkewa, zafin digiri 327 a ma'aunin Celsius ya ishe ta, sai a kwarara ta cikin mazubi, yadda maƙeran fari ke zubin mundaye. Amma ga manyan bindigogin hannu, irin .357 Magnum ta 1935, zallar dalma ta cika laushi, takan goge ta manne a cikin bututu har saiti ya lalace. Shi ya sa suke gauraya ta da kuza da wani ma'adini mai suna antimoni. Elmer Keith, makiyayin shanu na jihar Idaho, da irin wannan ƙwaya mai faffaɗan baki ya yi suna, kuma nacinsa ne ya sa kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fito da harsashi da bindigar .44 Magnum a 1955. Ƙwayar da ake yi da hannu ɗin nan sai mu kira ta ƙwayar zubi.

An kawo shawarar "ƙera harsashi". Ban goyi baya ba, domin ƙira aikin masana'anta ne daga tushe, nan kuwa kwanson tsoho ne. "Cika harsashi" ma zai sa mai karatu ya zaci bindiga ake lodawa.

Maharbanmu sun daɗe suna ɗura wa bindigar toka albarushi ta baki, kalmar ɗuri tana nan a hannunmu. Bambancin kawai, can kwanso ake ɗura wa. Don haka na tsaya a kan ɗurin kwanso, mai yin sa kuma maɗurin kwanso. Wanda ya san yadda maharban yankinsu ke faɗa, musamman mutanen Damagaram da Sakkwato, ya kawo mu gwada.