Me ya sa haraji ne ya kai Al Capone gidan yari, ba kisan kai ba?

Malam Habu, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san tarihin Amurka. Al Capone, wanda aka haifa a Brooklyn a 1899 bayan iyayensa sun yi ƙaura daga Italiya, shi ne ya riƙe ragamar fasa-ƙwaurin giya da gidajen caca a Chicago tun daga 1925, kuma yaransa ake zargi da harbe mutum bakwai na ɓangaren abokin hamayyarsa Bugs Moran a wani gareji ranar 14 ga Fabrairun 1929. Amma da aka tashi hukunta shi a 1931, sai aka ɗaure shi kan ƙin biyan haraji. Abin yana ci mini rai, domin ran ɗan Adam ya fi kuɗin gwamnati daraja. Gazawa hukuma ta yi, ko da gangan ta kau da kai?

Hajiya Binta, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Amsar tana cikin yadda Amurka ta raba ikon shari'a. Kisan kai laifi ne da jiha take hukuntawa, don haka alhakin gurfanar da shi yana wuyan 'yan sandan Chicago da kotunan jihar Illinois, alhali kuɗin giya ya riga ya shiga aljihun da yawa daga cikinsu tun da aka haramta sayar da ita a 1920. Wanda ya ga kisa da idonsa kuma ya san abin da zai biyo baya idan ya buɗe baki. A ranar da ka ambata, Capone yana Florida, biyu daga cikin maharan sanye suke da kayan 'yan sanda, kuma har yau ba a taɓa samun kowa da laifin wannan kisan ba. Gwamnatin tarayya kuwa ba ta da hurumi a shari'ar kisan. Abin da ke hannunta shi ne dokar giya da dokar haraji.

Malam Ɗanjuma, Maraɗi:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai kada a ɗauka shari'ar harajin abu ne mai sauƙi. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kuɗin da aka samu ta haramtacciyar hanya ma dole a biya masa haraji, amma Capone ba shi da asusun banki da sunansa, kuma gidansa na Florida da sunan matarsa aka saye shi. Jami'in haraji Frank Wilson ya sha wahala yana tonon tsofaffin takardu kafin ya ci karo da littattafan lissafi na wani gidan caca da ke garin Cicero kusa da Chicago, aka bi sawun rubutun hannun da ke ciki har aka gano akawun da ya rubuta su, aka ɓoye shi don kada a hallaka shi. A kotu sai aka riƙa kiran 'yan kasuwa suna faɗin kuɗin da Capone ya kashe wajen nama da tufafi da kayan ɗaki da kuɗin tarho, domin a nuna cewa mai irin wannan facaka ba zai ce ba shi da kuɗin shiga ba. Abin da ya fi burge ni shi ne alƙali James Wilkerson, wanda ya ƙi amincewa da sasancin da aka ƙulla na ɗaurin shekara biyu da rabi, sannan da ya ji an nemi sayen masu taya alƙali yanke hukunci, sai ya musanya su da na wata kotu a ranar da za a fara shari'a. A watan Oktoban 1931 aka yanke wa Capone ɗaurin shekara 11 da tarar dala 50,000.

Malam Habu, Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Na fahimci dalilin, amma zuciyata ba ta kwanta ba, tunda iyalan waɗanda aka kashe ba su ga an bi musu haƙƙi ba.

Hajiya Binta, Kano:
Kana da gaskiya, Malam, kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo. Shi Capone ya ƙare: an kai shi gidan yarin Atlanta a 1932, aka mayar da shi na tsibirin Alcatraz a 1934, ya fito a 1939 ciwon tunjere ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya mutu a Janairun 1947 yana da shekara 48. Ƙungiyarsa ta 'yan ta'adda kuwa ba ta girgiza ba. Manyan yaransa Frank Nitti da Paul Ricca suka ci gaba da tafiyar da ita, da aka halatta giya a 1933 sai suka ƙara ƙaimi wajen caca da tatsar ƙungiyoyin ƙwadago. Tony Accardo, wanda ya fara a matsayin yaron Capone, shi ma an same shi da laifin haraji a 1960, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ya ci gaba da juya ƙungiyar shekaru masu yawa, ya mutu a 1992 ba tare da ya yi zaman kaso na kirki ba.