Shawarwarin iyaye a Aboabo kan karatun 'ya'yansu na firamare

Iyayen da suka tattauna a Aboabo, cikin Kumasi, sun yarda cewa abincin rana da gwamnatin Ghana ta fara bai wa ɗalibai a 2005 ya rage musu nauyi, amma cikar ciki ba ta nuna yaro yana koyo. Shawarar da ta fi ƙarfi, kuma ina goyon bayanta, ita ce iyaye su buɗe littafin yaro kowane mako, su duba ko malami ya sa jan biro, sannan su sa yaron ya karanta da babbar murya. Ko wanda ba ya jin Turanci zai gane inda yaron yake cijewa. An kuma nemi a rage wa 'yan mata tallan safe, a riƙa halartar taron iyaye da malamai tun kafin jarrabawar BECE, wadda ake yi a ƙarshen ƙaramar sakandare, ta ƙarato.