Tambaya: mai shekara hamsin da ɗoriya zai iya bin gulbin Mosel bisa keke?

Malam_na_Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke aikin jinya a Jamus ya matsa in kai masa ziyara in an yi dogon hutun makaranta. Na ce masa ni ba na iya zaman ɗaki ina kallon talabijin alhali shi yana wurin aiki, sai ya kawo shawarar mu ɗauki hayar kekuna mu bi gulbin Mosel daga garin Trier zuwa Koblenz, inda ya haɗe da gulbin Rayin, muna kwana gari-gari. Ya turo min hotunan fadojin dutse bisa tsaunuka, sun ba ni sha'awa, amma kuma su ne sunka tsorata ni, don na ga hawa ba na wasa ba.

Ni ba baƙon keke ba ne. Da shi nake zuwa makaranta kullum, ranar Asabar kuma in gari ya yi sanyi nakan miƙa daga nan cikin Sakkwato har gadar Kwalkwalawa ko in nufi Wamakko in dawo kafin rana ta buɗe. Sai dai kekena irin na da ne, ba giya, kuma gwiwar hagu ta fara yi min gardama. Ƙanen nawa yaro ne, komai ka tambaye shi sai ya ce "ba matsala Yaya", shi ya sa nake son jin ta bakin wanda ya taɓa bin hanyar. Nawa ne nisan? Hawan ya yi yawa? Ina ake kwana, kuma yaya ake da kaya? Sannan batun salla da abinci, tunda an ce min ƙasar barasa ce. Allah shi saka da alheri.

Ɗan_Rijiyar_Ɗorawa ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Na zauna Jamus lokacin karatu, kuma na bi wagga hanya, don haka bari in fara cire maka tsoron da hotuna sunka sa maka. Fadojin su ne a sama, hanyar keke tana ƙasa, a bakin ruwa. Daga Trier zuwa Koblenz kusan kilomita 200 ne, mafi yawanta shimfiɗe da kwalta, kuma kana bin ruwa ne yana gangara. Iska ma galibi daga yamma take busowa, wato ta bayanka. Wanda ke zuwa Wamakko ya dawo bisa keke marar giya, kilomita 40 a yini a can ba za ta kayar da shi ba. Abin da ke tsawaita tafiyar shi ne lanƙwasar gulbin. Za ka hango gari ga shi nan tsallaken tudu, amma sai ka yi dogon zagaye kafin ka iso shi.

Kada ka yi gaggawar barin Trier. Rumawa sunka kafa garin tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ƙofar garin da sunka gina wajen shekara ta 170, wadda ake kira Porta Nigra, tana nan tsaye da manyan duwatsunta baƙi ƙirin. Gadar da sunka yi bisa gulbin har yau motoci ke bi ta kanta. A garin anka haifi Karl Marx a 1818, gidan yana nan an mai da shi gidan tarihi, in kana da sha'awar irin wannan. Ni dai ƙofar ta fi tsaya min a rai.

Daga nan garuruwan suna zuwa bi da bi: Bernkastel-Kues, Traben-Trarbach, Zell, Cochem. Gonakin inabi ne hagu da dama, an dasa su a jikin tsauni. Kusa da ƙauyen Bremm akwai wata gona da ake kira Calmont, tsayuwarta ta kai wajen digiri 65, manoman da ƙaramin jirgi mai layin dogo guda suke hawa da kayansu. Ka tsaya ka kalle su, ya fi wasu fadojin ma daɗin kallo.

Maganar fadoji kuwa, kada ka ce sai ka shiga kowacce, kuɗinka da gwiwarka za su ƙare. Ta Cochem ita ce ta fi fitowa kyau a hoto, amma Faransawa sun rushe ta asali a 1689, wadda ake gani yanzu wani attajirin Berlin ya sake gina ta a ƙarni na 19. Ni ban ga dalilin wahalar hawanta ba, daga bakin gada ma ka gan ta sarai. Wadda ta cancanci gumi ita ce Eltz. Ba a hango ta daga gulbi, tana ɓoye cikin daji. A ƙauyen Moselkern ake ɗaure keke a taka da ƙafa cikin kwarin wani rafi, tafiyar sa'a guda da ɗan abin da ya ɗora. Ba a taɓa rushe ta ba, kuma zuri'a guda ke riƙe da ita tun ƙarni na 12 har yau. Rassan gidan uku sunka zauna cikinta, kowane da sashensa da madafinsa, suna tarayya a tsakar gida. Ana buɗe ta daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba.

In kun iso Koblenz da sauran ƙarfi, shawarata ku ƙara da gulbin Rayin zuwa Bingen, kilomita 65 ko kusa da haka. A wannan ɗan tsakanin akwai fadoji da kufai wajen 40, shi ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Ka san mi ya sa sunka yi yawa haka? Ba don ado ba ne. Gulbin shi ne babbar hanyar fatauci, kowane basarake da ya samu dutse mai kallon ruwa sai ya kafa gini ya ce a biya shi kafin a wuce, tamkar shingayen da ke tare direbobinmu tsakanin Sakkwato da Illela. Wadda ta fi bayyana wannan ita ce Pfalzgrafenstein kusa da Kaub: a tsakiyar ruwa anka gina ta, bisa ɗan tsibiri, tun 1326, ana ja sarƙa a tare jirgi har sai ya biya. Marksburg da ke saman Braubach ita kaɗai ce cikin na bisa tsauni a wannan yanki da ba a taɓa rusawa ba. Ta Stahleck da ke saman Bacharach kuwa masaukin matasa ce yanzu, ana kwana ciki da sauƙin kuɗi, sai dai tura keke zuwa can sama aiki ne.

Abu biyu game da Rayin. Babu gada tsakanin Koblenz da Mainz, jirgin fito ke tsallakar da mutane da kekuna, don haka ku san gefen da masaukinku yake da lokacin tashin jirgin ƙarshe. Na biyu, layin dogo na bin gefe biyun gulbin, jiragen kaya kuma ba su barci. Ka roƙi ɗakin da ba ya fuskantar dogo. Amfanin dogon dai shi ne duk ranar da gwiwa ta ƙi, ka tura keke cikin jirgin ƙasa ka sauka gari na gaba.

Masauki: ku nemi masu alamar Bett+Bike, suna karɓar mai kwana ɗaya kuma suna da inda ake kulle keke. Akwai kamfanonin da ke ɗaukar jakunkuna daga masauki zuwa masauki, amma jaka biyu a gefen kariya sun ishi mutum. Saboda gwiwa, ka karɓi keke mai batir, yana taimaka maka har gudun kilomita 25 a sa'a, kai dai kana juya feda. Ka sa a daidaita maka tsawon sirdi tun a shago, sirdi in ya yi ƙasa shi ke cin gwiwa. Kuma Malam, jar wuta jar wuta ce ko ga mai keke, tararta tana farawa daga Yuro 60.

Inna_Gawon_Nama ta amsa:

Malam sannu da ƙoƙari. Ni ban hau keke ba, a jirgin ruwa da jirgin ƙasa munka bi yankin lokacin da na je wankan jegon ɗiyata, amma batun abinci da salla na san shi.

A ƙananan garuruwan, abincin gidajen cin abinci naman alade ya yi masa yawa, har miyar da ka ɗauka ta ganye ce ana iya jefa mata shi, sai ka tambaya. Mafita ita ce shagunan Turkawa masu gasa nama, kusan duk gari mai ɗan girma akwai su, ko ka ci kifi da dankali. Burodinsu da cuku da ƙwai na karin kumallo suna riƙe ciki har azahar. Masu gonakin inabin nan suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai zama barasa ba, ƙanenka shi karanta maka kwalbar. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, ku yi sayayya tun Asabar. Kilishi kada ka ɗauka, an hana shiga da nama ƙasashen Tarayyar Turai, a filin jirgi za a karɓe. Yaji da garin kunu ba su da wannan matsala.

Masallatai suna Trier da Koblenz, tsakani kuwa in ba ka samu masallaci ba sai ka shimfiɗa dardumarka a ciyawar bakin ruwa, ba wanda zai ce maka kanzil. Alƙibla can kudu maso gabas take, kada ka fuskanci gabas yadda ka saba. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu wuri guda ba, kai ne malami ka fi ni sani. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma saura na dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, barcin kaɗan ne. Ka tafi da rigar ruwa da rigar sanyi ko da an ce maka bazara ce.

Bagobirin_Sabon_Birni ya amsa:

Malam, ni ba hana ka nake ba, amma ka yi lissafi da Naira kafin ka yi da kilomita. Kuɗin biza kaɗai Yuro 90 ne tun 2024, ga inshorar lafiya da dole ta kai ta Yuro 30,000, ga tikiti, kuma biyan kuɗin ba ya nufin za a ba ka. Bizar ma sunan wani ƙauye ta ɗauka, Schengen, da ke bakin wannan gulbi na Mosel a ƙasar Luksambok, inda anka sa hannu a yarjejeniyar buɗe iyakoki tsakanin wasu ƙasashen Turai a 1985.

Abin da ke ci min rai daban ne. Mu ma muna da gulbi da kwari da garuruwan tarihi. Ka bi Rima daga Sakkwato ka isa Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda kabarinsa yake tun 1837, ka wuce Goronyo, ka kai kufan Alkalawa, birnin kakannina da ya faɗi a 1808. Ta yamma ga Surame ta Kanta da ganuwarta ta dutse, ga Argungu. Wani matafiyi Bajamushe ma, Barth, ya tako har Wurno a 1853. Yau ni da nake ɗan ƙasar ba ni iya ce maka ka hau keke ka nufi Alkalawa, kowa ya san halin da gabashin jihar ke ciki da 'yan bindiga. Su sun gyara kufansu suna karɓar kuɗin shiga, namu kuwa ko allon da zai gaya wa baƙo inda yake tsaye da wuya ka gani.

Malam_na_Mabera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai jama'a. Inna, Allah shi raya jika, kin ceci kilishin da na riga na yi niyyar saye. Bagobiri, taubashina, maganarka gaskiya ce, kuma tikiti ƙanena ya ɗauke min, in ba haka ba albashin malamin makaranta ina zai kai ni. In Allah ya kawo zaman lafiya ni da kai za mu yi ta Alkalawa, kai a gaba tunda ka san hanyar gudu tun 1808.

Ɗan Rijiyar Ɗorawa, saura tambaya guda. Hutunmu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Wane lokaci ya fi a ciki, kuma sai mun kama ɗakuna tun yanzu ko muna iya isa gari mu nema?

Ɗan_Rijiyar_Ɗorawa ya amsa:

Agusta lokacin hutunsu ne su ma, hanya cike take da masu keke, don haka ku kama ɗakuna tun da wuri, musamman Cochem da Bernkastel-Kues. Takardun kama ɗakin ma za su yi maka amfani wurin neman biza, tare da wasiƙar gayyatar ƙanenka. Ku kauce wa Bernkastel-Kues a ƙarshen makon farko na Satumba, lokacin babban bikin barasarsu ne, ɗaki ba ya samuwa kuma ba wurin zamanka ba ne. Ku fara ranar Litinin, cunkoson ya fi sauƙi a tsakiyar mako. Wurin hayar keke ku tambaya tun farko ko za su karɓi kekunan a Koblenz, don wasu sai an mayar musu Trier, kodayake jirgin ƙasa tsakanin garuruwan biyu bai kai sa'a biyu ba. Ka sayi wandon keke mai soso a ciki, ka sa shi ƙarƙashin wandonka na kullum, ka fara gwada shi a hanyar Kwalkwalawa tun yanzu.