Da na ɗaga ƙafa daga totur sai motar ta ja birki

Tambaya: Jama'a, sati biyu ke nan da na fara tuƙa motar lantarki. Shirunta ya yi mini, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta dafe kamar na taka birki. Jiya har uwargida ta ce kanta na juyawa. Motar lafiyarta ƙalau kuwa?

Amsa ta 1: Ƙalau take, Malam. Idan ka saki totur, injin ne ke komawa janareta, yana mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Shi ya sa birkinka zai daɗe bai cinye ba. Ka lura, ranar da batir ya cika fal jan yakan ragu, don babu inda za a zuba wutar. Ka riƙa sakin ƙafa sannu-sannu, ko ka rage shi a allon gaba.

Amsa ta 2: Juyawar kan har da yadda motar ke tashi. Ba ta jiran canjin giya, kana taɓawa take zabura. Ni sai da na yi wata guda ƙafata ta saba.

Amsa ta 3: Ni gargaɗina a kan na'urar riƙe layi ne, wadda ke tsare mota kada ta fita daga layinta a titi. Kyamara ce ke bin fentin titi. Inda ya goge, ko ana ruwan sama mai ƙarfi, takan sakar maka. Kada hannunka ya bar sitiyari.